Abin da Na Ɓoye a Ƙwaryar Inna

Shekarun baya, lokacin da ake ta shirin karɓar mulkin kai, Turawan da ke aiki a Bauchi suna ɗaure kayansu ɗaya bayan ɗaya, wata ranar Asabar maigidana ya dawo gida da gawar mota. Gawa na ce, don ba da ƙafarta ta zo ba. Bijimai biyu ne suka jawo ta tun daga bariki har Ƙofar Dumi, mutanen unguwa na biye suna dariya. Lungunmu ko jaki mai mangala da ƙyar yake wucewa, saboda haka sai da aka fasa katangar bayan gida ta wajen fili, aka turo ta ciki, aka kawo zana aka toshe wurin.

Irin ƙaramar motar nan ce mai buɗaɗɗen baya, a-kori-kura. Wani Bature ne ya yi ta shiga daji da ita har ta mutu masa, da zai tafi ya bar ta a gindin mangwaro. Tayoyi biyu a fashe, gilashin gaba a tsage, kujerar kuwa ɓera ya cinye ta sai waya. Maigida makaniki ne a ma'aikatar ayyuka. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon ta kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Na ce, "Malam, wannan fa?"

Ya ce, "Mota ce, Malama." Haka yake kira na don tsokana, saboda na yi boko.

"Na ga mota. Me za a yi da ita?"

"Tashin ta za a yi."

"In ta tashi ta je ina?"

Sai ya sosa ƙeya ya ce, "Ke dai bari ta tashi tukuna."

Wannan sosa ƙeyar ita ce abu na farko da na ajiye a zuciyata.

Bari in faɗa muku yadda gidanmu yake, don a nan maganar take. Mu uku ne manya a ciki: ni, da maigida, da mahaifiyata da muke kira Inna. Inna Bafulatanar ruga ce, daga can gaba da Inkil. Ni ce 'yarta ta fari, kuma ni kaɗai na rayu mata. Ina ƙarama aka ɗora wa dagaci ya kawo yara makaranta, ya tsallake nasa ya kamo ni. Daga nan sai makarantar kwana ta 'yan mata. Na fito da Turanci a baki, Fulatancina kuwa ya zube a hanya, sai guntu-guntu. Shekara uku kafin zuwan motar, bayan rasuwar mahaifina, ɓarin jikin Inna na hagu ya shanye. Na yi kuka na yi magiya har kawuna ya yarda aka kawo mini ita birni, kusa da asibiti. Maigida ya ba ta ɗakin da ya fi kowanne kyau a gidan.

Kun san surukuta, amma ta yanzu wasa ce. A shekara ukun nan maigida bai taɓa sa ƙafa a ɗakin Inna ba. Daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta, kai a sunkuye, ita kuma ta ja mayafi ta rufe fuska ta amsa wa bango. Ba ya cin abinci a tsakar gida, sai a zaure. Mutum ne mai son dariya, amma in ya shigo gidansa sai ya koma kamar baƙo. Ni kuma da yake 'yar fari ce, Inna ba ta kiran sunana, ba ta duban idona, ba ta hira da ni. Ina wanke ta, ina juya ta, ina ba ta fura a baki, amma in ƙishirwa ta kama ta sai ta ce wa iska, "Ko akwai ruwa a gidan nan?" Ban taɓa jin haushi ba, haka na taso na gani. Gida ne dai da kowa ke ƙaunar kowa, amma ba mai iya gaya wa kowa komai.

Wadda kawai Inna ke sakin baki da ita maƙwabciyarmu ce, Kirista daga kudancin lardi, mai taimaka wa ungozoma a asibiti. Kusa da ruga ta girma, Fulatanci a bakinta kamar ruwa. Kullum da la'asar takan shigo ta matsa wa Inna ƙafa da man shanu, su yi ta magana ƙasa-ƙasa, ni ina tsakar gida ina tsintar kalma ɗaya cikin goma. Mijinta kafinta ne, kuma babban abokin maigida.

Tun bazara aka fara aikin motar. Maigida na dawowa daga aiki, ya yi sallar la'asar, sai bayan gida. Ya sauke injin ya baje shi a kan tsohuwar tabarma kamar yadda mahauci ke baje nama, yana wanke ƙarafan ɗaya-ɗaya da kananzir. Watanni muka yi ko tuwo na kai baki warin kananzir nake ji. Kajina kuwa suka ga an kawo musu sabon akurki, suka mayar da gaban motar wurin ƙwai.

A akwatin motar ya tsinci littafinta, gara ta ci rabi. Ni nake karanta masa ina fassarawa, shi yana kwance a ƙarƙashi ƙafafunsa kaɗai a waje. Yakan ce, "Ke Turancin takarda, ni Turancin ƙarfe, in an haɗa mu an sami Bature guda." Wata rana wani direban babbar mota ya kawo masa saƙo daga Jos, wanda ya yi wata biyu yana jira. Ya kwance ƙunshin, sai ga wani ɗan abu baƙi, bai fi babban yatsa ba, da ɗan tagulla a bakinsa.

Ya ce, "Kin ga wannan? Rota ke nan. Shi ke raba wa filogi wuta. Duk girman motar nan, in babu shi, ko Baturen da ya ƙera ta ya zo sai dai ya tura."

Har ya nuna mini inda yake zama da yadda ake ɓalle murfinsa. Na yi dariya. Ban san Shaiɗan ma yana gefe yana ɗaukar darasi ba.

Da farko zatona bai yi nisa ba. Na ɗauka so yake ya bar aikin gwamnati ya shiga dakon kaya. Amma da injin ya koma mazauninsa aka zo kan bayan motar, sai na fara ganin abubuwan da ba su yi kama da dakon kaya ba. Ya samo mata manyan tayoyi, ya ce saboda hanyar daji. Wane daji? Sai sosa ƙeya. Ya kwance sifirin na baya, ƙarafan da ke tallafe da nauyin mota, ya zare ganyen ƙarfe biyu daga kowane ɓangare. Ni da na karanta masa littafin na sani sarai, mai son ɗaukar nauyi ƙara ganye yake yi, ba ragewa ba. Na tambaya, ya ce, "Don ta yi laushi." Na ce a raina, buhun gyaɗa ne ke neman laushi?

Sai kafinta ya fara zuwa. Ina cikin kulle kamar yawancin matan birni a lokacin, in ya yi sallama sai in shige ɗaki in saki asabari. Amma asabari ba ya hana mai son gani gani. Suka kafa wa bayan motar bangon katako, suka yi mata rufin tamfol. Suka yi ƙofar baya mai saukowa har ƙasa kamar gada. Suka kafa zoben ƙarfe huɗu a daɓen, suka yi wurin ɗaure tulu a kusurwa. Sannan suka yanka wata 'yar taga a gefe ɗaya, can ƙasa-ƙasa, inda mai zaune ba zai ga waje ba sai ya duƙa. Na yi ta juya tagar nan a raina ban gane kanta ba, sai na ajiye ta gefe.

Ana cikin haka yayar maigida ta zo mana daga Ƙofar Wambai. Mace ce da ba ta tauna magana kafin ta fitar. Ta leƙa ta gaida Inna, ta dawo ta zauna kusa da ni ina tankaɗe, ta ce, "Ikon Allah, zamani. A da, uwa ta kwana gidan suruki ko dare ɗaya ai sai a sa ta a waƙa. Ƙanena dai akwai haƙuri, mutum da gidansa yana tafiya saɗaf-saɗaf kamar ya zo sata." Ta juya ta ƙare wa motar kallo ta ce, "Wannan ɗakin da aka yi mata a baya kuwa, ai har mutum sai ya miƙe ya kwanta."

Ta sha furarta ta tafi, ta bar ni da maganar.

Ranar wata Alhamis na shiga ɗakin Inna ba tare da an ji tahowata ba, sai na tarar da maƙwabciyata duƙe da igiya tana auna gadon. Ta ƙulla ƙulli a tsawonsa, ta ƙulla wani a faɗinsa. Tana ganina ta cusa igiyar a zani.

Na ce, "Me ake aunawa?"

Ta ce, "Ba komai, ƙawata. Shimfiɗa nake so in ɗinka wa Inna."

Washegari da safe ina shara, na hango igiyar nan da ƙullinta biyu a hannun maigida. Ya hau bayan motar ya miƙe ta tsakanin zobban ƙarfen nan huɗu. Ta zauna daidai, ba ragi ba ƙari.

Jama'a, tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Nan take na zama alƙali, na jera shaidu. Tayoyin daji. Sifirin mai laushi. Ƙofa mai saukowa ƙasa. Zobba huɗu, ƙafar gado huɗu. Maganar yayarsa. Sosa ƙeya. Na yanke hukunci: maigida ya gaji, zai kwashi mahaifiyata ya mayar da ita ruga, inda ba asibiti, ba mai juya ta, kuma har da maƙwabta aka haɗa baki, ni kaɗai aka mayar sakarya. Za ku ce me ya hana ni tambaya. Na tambaya sau uku a baya an ba ni ƙeya. Kuma gaskiyar ita ce tsoron amsar nake ji. In ya ce e, gidansa ne, ya yi haƙurin shekara uku, me zan ce masa?

Da zai tafi masallacin Juma'a ya ce mini, fuskarsa cike da fara'a, "Malama, gobe in Allah ya yarda za ki ji kukanta."

Ina jin unguwa ta yi tsit maza sun tafi, na zaga baya. Na ɗaga bonet, na ɓalle murfin nan kamar yadda ya koya mini, na zare rota. Bakina na istigfari, amma ban mayar ba. Na tsaya a tsakar gida ina tunanin inda zan sa shi. Ɗakina zai iya dubawa, madafa zai iya dubawa, rumbu zai iya dubawa. Wuri ɗaya ne tak a duniya da na san ko wuta ta kama ba zai shiga ya yi bincike ba. Inna tana da wata ƙwaryar tatsa mai zane da ta zo da ita daga ruga, tana rataye a ragaya saman gadonta, an rufe da faifai. Na leƙa na ga idonta a rufe. Na yi ɗage na jefa shi ciki, na mayar da faifan, na fito ina yaba wa kaina da wayo.

Ranar Asabar abokansa suka taru. Irin motocin nan ne da ake zura wa lanƙwasasshen ƙarfe a hanci a murɗa. Maigida ya murɗa, kafinta ya murɗa, kowa ya murɗa har tafin hannu ya yi bororo. Ko tari ba ta yi ba. Da ya buɗe murfin ya ga wayam, sai da ya zauna a ƙasa. Aka kwashe tabarma, aka zazzage akwatin kayan aiki, har rariyata ya ara ya tankaɗe ƙasar da ke ƙarƙashin motar.

Ya ce, "Malama, ko kin ga kaji sun ja wani abu?"

Na ce, "Kaji dai ba sa ɗaga bonet."

Kun ga irin tsoron Allahna a lokacin. Ina ta kaffa-kaffa kada in yi ƙarya da baki, alhali sata na rataye a saman kan mahaifiyata.

Abin da ban lissafa ba shi ne zato yana yaɗuwa kamar ƙyanda. Nawa ya fita daga jikina ya kama maigida. Ya fara cewa, "Ba mai shigowa nan sai ni da kafinta." Ya yi kwanaki yana haɗiye maganar, ran nan ya kasa, ya tambaye shi. Ina bayan asabari na ji muryar bawan Allah nan ta canza.

Ya ce, "Shekara nawa muna cin abinci a kwano ɗaya da kai? Na bar aikina ina yi maka wannan don Allah, yau ni ne ɓarawon ƙarfe? In na sace shi in kai wa wa, jakina?"

Ya tattara zartonsa da gudumarsa ya fita. Matarsa ma ta ɗauke ƙafa. Ni na koma matsa wa Inna ƙafafu, tana kwance shiru, ko motsi ba ta yi. Maigida ya sake aikawa Jos, aka ce sai wata biyu kuma. Ya zauna a zaure ya tasa tuwo a gaba bai ci ba, na ji yana cewa, "Wata biyu ya yi yawa. Kafin nan an gama girbi." Ban gane abin da ya haɗa girbi da mota ba, kuma ban so in gane ba.

Kwana goma sha ɗaya na yi a haka. In na ɗaga hannu zan yi addu'a sai in ji kamar dutse aka ɗora mini. Amma duk lokacin da na yi niyyar fito da shi, sai in tuna Inna kwance a bukka ba mai juya ta, in ce gobe.

A rana ta goma sha ɗaya maƙwabciyata ta yi sallama. Ba ta dube ni ba ta ce, "Don Inna na zo." Ta shige. Na ɗebo ruwa na bi ta, ina bakin ƙofa sai na ji Inna ta ɗaga murya, kuma da Hausa, abin da ba ta taɓa yi da ita ba.

Ta ce, "'Yar nan, miƙa hannu ki sauko mini da ƙwaryar can. Wata kaza ta yi ƙwai a ciki yau kwana goma sha ɗaya. Ina ta jira ta zo ta ɗauki abinta, ba ta zo ba."

Maƙwabciyata ta sauko da ita, ta ɗaga faifai. Ta dubi cikin ƙwarya, ta dube ni. Na durƙushe a wurin, ruwan ya zube. Ashe mai kwana kwance dare da rana ba duk rufe ido ne barci a wurinsa ba.

Inna ta juya fuska ga bango ta ce, "A gaya wa mai kazar, ba korata ake yi ba. Ni na roƙa."

Sannan ta ci gaba, a hankali, bakinta na ɗan karkacewa kamar yadda yake tun da ciwon ya same ta.

"An kula da ni a gidan nan, Allah ya sani ban rasa komai ba. Amma shekara uku ina kwance a gidan suruki, na hana namiji dariya a gidansa. Shekara uku ban ji kukan saniya ba, sai na jakin maƙwabta. Na ƙirga azarar ɗakin nan har na san kowace da tabonta. Ba na so in mutu ina kallon su. In an gama girbi samari za su tafi da shanu kudu neman ciyawa, ni kuwa ban san ko zan ga dawowarsu ba."

Ina kuka na ce, "Inna, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Sai ta ce wa maƙwabciyata, "Ji wata tambaya. A bokon ne aka koya musu uwa ta buɗe cikinta ga 'yar fari?"

Maƙwabciyata ta fashe da dariya, hawaye na zuba mata. Ta ce, "Kai, 'yar boko! Kin karance littafin mota kaf har inda gara ta ci, kin kasa karanta tsohuwar da kike wankewa kullum."

Ita ta warware mini sauran. Tun bara Inna ta gaya mata. Ita ta gaya wa mijinta, mijinta ya gaya wa maigida. Daga ɗakin Inna zuwa zaure taku goma ne, amma sai da maganar ta fita waje ta bi ta baki uku kafin ta isa. Maigida kuwa sai ya shiga neman abin da zai ɗauki mai shanyewar jiki da gadonta har ruga ba tare da an jijjiga ta ba. Don haka kaɗai ya jawo gawar nan gida. Inna kuma ita ta ce kada a gaya mini sai mota ta tashi, don ta san zan yi kuka in hana.

Da maigida ya dawo daga aiki na ɗora rota a kan faifai, na same shi a zaure, na durƙusa na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallon sa.

Ya ce, "A ina?"

Na ce, "A ɗakin Inna. Ni na sa."

Na ɗauka zai yi faɗa. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Sai ya ce, "Malama, kin sa na zargi mutumin da bai ci mini komai ba."

Na ce, "Ka yafe mini. Amma kai ma me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce, "Da wane baki zan ce miki zan fitar da mahaifiyarki daga gidana? Ko ta yaya na faɗa, abin da kika ji ɗin nan shi za ki ji."

Ko ruwa bai sha ba ya tashi ya nufi gidan kafinta. Ni ma na roƙi matarsa ta kai masa ban-haƙurina, na ce laifin duk nawa ne. Washegari sai ga sallamarsa, zarto a kafaɗa. Ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya yadda zan ji ta bayan asabari, ya ce, "A gaya wa Malama na yafe duniya da lahira. Amma daga yau ko ƙusa aka rasa a unguwar nan, ɗakin Inna za a fara dubawa."

A murɗawa ta uku motar ta yi tari, ta yi atishawa, ta ɗauka. Hayaƙi ya turnuƙe gidan, kajina suka watse har kan katanga.

Bayan kwana biyu da hantsi aka kwance zanar. Maza huɗu suka ɗauko Inna da gadonta, maigida ya kama wajen ƙafa, ya kau da kansa gefe har aka hau da ita. Aka ɗaure ƙafafun gadon a zobba. Na hau na zauna kusa da ita. Inna a kan ɓarinta na dama take kwanciya, mai lafiyar. Da aka gyara mata matashi sai na ga 'yar tagar nan ta zo daidai fuskarta.

Muka bar gari. Duwatsu, gonakin dawa sun sunkuyar da kai, mata da itace a ka. Inna ba ta ƙifta ido. Sau biyu motar ta tafasa, maigida ya sauko ya ba ta ruwan tulu. Muka wuce Inkil muka saki hanya, muka isa ruga kafin azahar. Kawuna ya fito da gudu, ya ga yayarsa ya yi ta hamdala. Amma wurin shiru, sai 'yan maruƙa da shanun tatsa biyu-uku.

Ya ce, "Ai shekaranjiya suka tashi, bana ba su jira an gama girbi ba."

Ba wanda ya dube ni. Wannan rashin duban ya fi mari ciwo. Kwana goma sha ɗaya na ci musu, da kwana biyu aka rasa.

Maigida ya tambayi kawu wane burtali suka bi. Ya naɗe hannun riga, ya zura ƙarfe a hancin mota ya murɗa. A ranar na ga amfanin manyan tayoyin nan. Muka yi ta kutsawa, reshe na karce tamfol, har bayan la'asar muka cim musu a bakin wani rafi inda suka yada zango. Ya juya motar yadda tagar za ta fuskanci garken, ya kashe injin, ya yi tafiyarsa can nesa ya zauna a gindin ƙirya ya ba mu baya, don Inna ta sake.

Ta yi ƙoƙarin kiran shanun irin kiran da take yi a da. Muryar ba ta kai ko bakin ruwa ba. Ba saniyar da ta ɗaga kai. Na ji kamar zuciyata za ta tsage, amma ita ko a jikinta. Sai ta fara faɗin su ɗaya-ɗaya da Fulatanci: waccan 'yar wance ce, waccan ƙahon kakarta ta ɗauko, wancan bijimin ɗan maraƙi ne da na bar shi. Na ga ina gane fiye da yadda na zata. Can sai na lura ba kowa a bayan motar nan sai ni. Maƙwabciyata tana wurin aiki, ba bango, ba iska da za a yi wa magana. Ta miƙo hannunta mai lafiya ta kama wuyan hannuna, ta dube ni ido cikin ido, ta ce:

"Kin ga mai farin goshin can? Lokacin da na haife ki nonona ya ƙi zuwa. Nonon kakarta kika sha."

Inna ta zauna a ruga wajen matar kawuna, wadda ta juya ta ta wanke ta ba kasawa, duk tsoron da na ji. Kusan kowace Lahadi motar nan na kai mu, wani lokaci har da maƙwabciyata in sun taso daga coci. Allah ya karɓi abinsa ana gab da saukar ruwan fari. Ba ta ga dawowar shanun ba. Da na riƙe ɗan baƙin abin nan har na Jos ya iso, da ganin da ta yi musu ta taga bai samu ba. Har yau in na tuna wannan sai na tashi na yi nafila.

Motar kuwa ta zama ta unguwa. Duk mai ciwon da ba ya iya zama, ita ke kai shi asibiti. Ranar da aka sauke tutar Turawa ma, mutane na can fili ana shagali, ita tana hanya da mai naƙuda.

Tun muna yara ake gaya mana zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ina ganin kamar an cika tsanani. Sai da na ɗanɗana na gane. Duk shaidun da na tara daidai ne, ba ɗaya da ya ƙaryata ni. Fitar da Inna za a yi, kuma an haɗa baki, kuma an ɓoye mini. Abu ɗaya kawai na ajiye gefe don bai dace da hukuncina ba, shi ne tagar. Wanda ya gaji da mutum yana so ya yar da shi ba ya tsayawa ya auna inda idonsa zai faɗa.

Ƙwaryar tana nan a ɗakina, ta tsage an ɗinke. Yanzu ni ce tsohuwar gida. In na ga 'ya'yana sun haɗa kai suna ƙus-ƙus, suka yi shiru da na shigo, tsohuwar cutar takan motsa, in fara jera shaidu. Sai in ɗaga kai in dubi ƙwaryar, in ce wa kaina, tsaya, nemi tagar tukuna. 'Yata ta fari kuwa, kunyar da na gada ba ta bar ni in kira sunanta ba har yau. Amma in ina son ruwa, ita nake duba in ce ta ba ni.